Labulen da Ya Raba Kawu da Limanci

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Kawuna, yayan mahaifiyata, a wani asibiti a birnin Guangzhou, shekara guda bayan Turawa sun mayar wa Sin Hong Kong. Mai abu ne ya ba mu aro, ya kuma aiko a karɓa, ba mu da ta cewa.

Kafin azahar masaukinmu na Liwan ya cika. In na ce ya cika, kar ku ɗauka taron Kantin Kwari nake nufi. A lokacin duk Hausawan garin tabarma uku ta ishe su. Hawa na huɗu ne, ɗaki biyu da falo, da fanka ɗaya mai kuka kamar za ta faɗo. Ina zaune bakin ƙofa ina karɓar gaisuwa, tunda ni ne jininsa mafi kusa a duk ƙasar.

Wani mutumin Damagaram ya riƙe hannuna, sai ya ciro cokali daga aljihu ya nuna min, ya ce Kawu ne ya ba shi ranar da ya sauka. Alhajin Maraɗi, wanda yake jan mu salla, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya gafarta mishi kurakuransa, na sarari da na ɓoye." Da ya zo kan "na ɓoye" sai ya ja shi, ya ɗan dakata, kowa ya sunkuyar da kai. Taubashin Kawu kuwa, abokin wasansa tun suna yara, kuka yake na gaske, har da majina. Amma bakin da ya saba bai bar shi ba. Yana sharar ido ya ce, "Shi ke nan, Mai Labule ya tafi." Na ji wani a bayana ya danne dariya da tari.

Ina ta cewa amin. Wata bakwai ke nan rabon da a sa Kawu gaba ya ja salla, saboda wani labule, kuma laifin labulen nan nawa ne. Ban faɗa ba yana da rai. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, don in ban rubuta ba, da wannan sunan za a riƙa tuna shi.

Bari in fara da mutumin.

Kawu ɗan gajere ne, mai furfura a gemu kawai, kuma ba ya sayen yadi da ido. Sai ya rufe ido ya murza shi tsakanin yatsu, ya kai kunne ya saurari ƙararsa, wani lokacin har ya ciro zare ɗaya ya ƙona da ashana ya shinshina. 'Yan China tun suna dariya har suka koma tsoronsa. Sinancinsa bai wuce kalma uku ba: "lawban" in zai kira mai shago, "sheshe" in zai yi godiya, da "meyo", wato babu, wanda ya fi kowa iya faɗa in an tsuga masa farashi. Da waɗannan ukun ya yi shekaru yana cika kwantena. Cin abinci da tsinke ya gagare shi, shi ya sa kullum aljihunsa da cokula. Duk baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasan Hong Kong, Kawu ne zai tarye shi, ya kai shi wurin Musulmin nan masu farar hula da suke sayar da taliyar naman sa, ya miƙa masa cokali ya ce, "Riƙe, naka ne. Mutum da yunwa ba ya ciniki mai kyau."

Yana da faɗa, kar a ce na ɓoye. In ka ce masa kaya sun yi kyau, sai ya ce, "Ka duba?" In ka ce ka duba, sai ya ce, "Ka duba, ko ka kalla?" Ya taɓa sa ni na warware bandir goma sha biyu a kan titi, ana yayyafi, don na ce masa duk iri ɗaya ne. Ashe bandir na tara ba iri ɗaya ba ne da sauran. Ina da mata da 'ya'ya uku a lokacin, amma na sha zagi kamar ɗan firamare.

Shi ne babbanmu, shi ya fi mu karatu, don haka duk sallar da muka yi a masauki shi ke gaba. Ba wanda ya naɗa shi. In an tada iƙama kawai sai a buɗe masa hanya.

Kafin China, Indiya yake zuwa saro yadi. A can ya yi aboki, wani tsoho ɗan Hindu mai shagon yadi a Bombay, wanda wata shekara ya matsa masa sai ya raka shi garinsu. Daga garin suka je wani ƙauye mai suna Khajuraho, inda akwai tsofaffin gidajen bauta na dutse, da aka ce sun kusa shekara dubu. A bakin wurin ya sayi hoto guda ɗaya, irin wanda ake sayar wa baƙi, ya sa shi a ƙasan akwatinsa shekara da shekaru.

Wata rana bayan azahar, ruwan nan na Guangzhou da ba ya ɗaukewa ya tsare mu mu biyu a ɗaki, ya ciro hoton. Bangon dutse ne, kalar gasasshen burodi. A sama an sassaƙa wani reshe mai yaɗo kamar na kabewa, da furanni da ganye suna shiga juna, aikin da ban taɓa ganin irinsa ba. A ƙasa kuwa mace ce da namiji a tsaye, a rungume, babu komai a jikinsu sai sarƙoƙi. Na kau da kai da sauri na ce, "Subhanallahi, Kawu."

"Haka na ce ni ma," in ji shi. "Har na juya zan koma mota, abokina ya riƙe min riga."

Ya ba ni labari, ni kuma idona yana kan fanka. Ya ce bangon gaba ɗaya cike yake da mutane tun daga ƙasa har inda ido ya gaji: makaɗa, mayaƙa a kan giwaye, wata tana sa kwalli, wata ta ɗaga ƙafa tana cire ƙaya. Masu rungumar nan kaɗan ne a ciki, amma su kowa ke zuwa kallo. Ya tambayi abokin nasa, ta yaya mutane masu hankali za su sa wannan a jikin wurin ibada? Tsohon ya ce su kansu ba su yi ittifaƙi ba. Wasu sun ce an sa su a waje ne don mai shiga ya zagaya, ya ga duk abin da zuciyarsa ke so, ya bar shi a nan, don ciki duhu ne, ba ado, ba hayaniya. Wasu sun ce a'a, misali ne: babu inda mutum ke mance kansa, ya rasa ina ya ƙare ina wani ya fara, kamar a nan, to haka ake so rai ya zama da abin bautarsa. Wasu kuma sun ce duk ba haka ba ne, maganin tsawa ne da bakin mutane.

Na ce, "Kawu, ai shirka ce."

"Na ce maka ba shirka ba ce? Shirka ce mana, Allah ya raba mu da ita. Amma wanda ya sassaƙa wannan ba ɗan iska ba ne. Ɗan iska ba ya zama shekaru a rana yana gyara yatsun ƙafar dutse." Ya matso da hoton. "Dubi fuskokinsu. Ba dariya, ba zalama. Kai ka ce sun idar da salla suna zaune. Sannan dubi wannan ta gefe."

Ban duba ba. Na ce masa na gani.

Sannan ya faɗi maganar da ban taɓa zaton jinta a bakin dattijo ba. Ya ce shekara arba'in yana tare da Inna, matarsa, 'ya'ya tara, amma bai taɓa tsayawa ya dubi fuskarta da rana tsaka yadda mutumin dutsen nan ke duban tasa ba. "Kunya ado ce, ban musa ba," in ji shi. "Amma akwai abin da ta cinye mana." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce ruwa ya tsagaita, bari in leƙa kasuwa.

Reshen nan na sama shi ya ja komai. Kawu ya daɗe yana son a saƙa masa shi a labulen ɗakin amare, ya ce matan Kano za su yi rububinsa. Yadda muke aiki a nan shi ne, ka kai wa masaƙa samfur ko hoto, ka ce "sem sem", wato iri ɗaya sak, su kuma su fitar maka da shi ba ragi ba ƙari. Sun iya kwafi har abin ya ba ka tsoro. In akwai tabon shayi a jikin samfurinka, da tabon za su saƙa.

Ya ba ni hoton a ambulan, da farar takarda. Ya ce in je shagon fotokwafi na ƙasan bene, in rufe rabin ƙasa da takardar, a ɗauki reshen kaɗai, shi zan kai masaƙa, in dawo masa da hotonsa. Magana ce da ko yaro zai gane.

Na sauka. A shagon 'yan mata biyu ne ke aiki, kuma su ke ɗora takarda a inji da hannunsu. Na tsaya a bakin ƙofa da ambulan, na auna yadda zan ciro wannan abu a gabansu, ni baƙin mutum mai jallabiya da carbi. Na wuce. Na ce a raina in na je masaƙa zan ninke hoton in nuna wa lawban saman. Na je, lawban ba ya nan, matarsa ce a tebur, ga tafinta ita ma mace. Na ajiye ambulan ɗin a rufe, na zana reshe da yatsa a iska, na ce "fulawa, fulawa, sem sem." Matar ta yi murmushi ta ce "sem sem." Na fito ina jin na tsira da mutuncina. Da Kawu ya tambayi hotonsa na ce suna son ganin kalar dutsen, za su dawo da shi. Ya dube ni kawai.

Bayan sati uku samfur ya iso, ranar Juma'a. Mun dawo daga tsohon masallacin nan mai doguwar hasumiya, kowa ya hallara a falo ana cin shinkafa, sai ga ɗan aike da bandir a kafaɗa. Kawu yana ta murna, ya ce a matsar da kwanuka kowa ya ga abin da zai girgiza Kwari. Shi da taubashinsa suka kama baki biyu suka warware.

Kai, sun iya aiki. Ruwan zuma ne da zaren gwal. Ga reshen nan a sama, ya fi na hoton kyau. A ƙarƙashinsa kuma ga su nan, mace da namiji, an maimaita su jere-jere tun daga wannan bango har wancan.

Alhajin Maraɗi ya ajiye cokali ya ce, "Mi ne wanga, Alhaji?" Taubashi ya saki bakin yadin ya faɗi zaune yana dariya har da riƙe ciki, yana cewa, "Ashe abin da ake zuwa yi Indiya ke nan. Mu muna nan muna cewa Malam." Ga hoton kuma an maƙala shi da fil a jikin bandir ɗin, gefensa ya tsufa, kowa ya ga ba jiya aka saye shi ba.

Kawu ya dube ni sau ɗaya. Kalma biyar ta isa, "ni ne na kai hoton," amma na tsaya ina kallon shinkafa.

Ya cire hoton ya sa a aljihu, ya ce, "Nawa ne. Ni na bayar." Ya naɗe yadin shi kaɗai, ba wanda ya taya shi.

Da la'asar ta yi aka tada iƙama, ba a buɗe masa hanya ba. Alhajin Maraɗi ya gyara murya ya wuce gaba, Kawu ya koma ƙarshen sahu, kusa da takalma. A nan ya yi salla har ya bar duniya. Baƙi suka daina karɓar cokalinsa, don tun a jirgi ake ba su labari. Taubashi ya laƙaba masa Mai Labule. Wasa ne na hakki a tsakaninsu, Kawu ba shi da ikon yin fushi, amma na ga yadda sunan ke cin sa. Ya rame, ya rage faɗa, kuma Kawu ba faɗa ba Kawu ba ne.

Sau ɗaya na same shi da maganar. Da safe ne, yana jiƙa gasara da ya zo da ita daga gida. Na ce, "Kawu, bari in gaya musu."

"Ka gaya musu me? Hoton ba nawa ba ne? Ni an gama sanina, duk abin da za a ce an makara. Kai yanzu ake fara saninka, ga 'yarka ta isa aure. Rufe bakinka."

Wallahi daɗi na ji. Wannan shi ne abin da ya fi damuna har yau, sanyin da na ji a ƙirjina da ya ce in rufe baki. Ban ko ja maganar sau biyu ba.

Har na miƙe sai ya ce, "Tsaya. Ranar da na nuna maka hoton nan, ka duba?"

Na ce ban duba ba.

A nan ya yi min faɗan da ya fi na bandir goma sha biyu. Bai ambaci limanci ba, bai ambaci asarar da ya yi ba. Ya ce, "Da ka tsaya ka dube shi sau ɗaya, da ya daina ba ka tsoro, da ka iya riƙe shi a gaban 'yan mata ka rufe abin rufewa. Abin da ka ƙi dubawa shi ya fi ƙarfinka. Kai kana ganin tsoron Allah ne ya hana ka. Tsoron mutane ne, ɗan nan."

Hawan jini ne ya kayar da shi a matakalar bene. Kwana biyu ya yi a asibiti bai yi magana ba. Musulmin garin suka taimaka mana da takardu, suka ba mu wuri a maƙabartarsu. Ni da taubashi muka yi masa wanka. Alhajin Maraɗi ya sallace shi, kuma ko a bakin kabari ban buɗe baki ba.

Na kai akwatinsa Kano. Labari ya riga ni isa, na gane haka daga yadda 'ya'yansa maza ke gaishe ni ba sa haɗa ido. Inna tana takaba a ƙuryar ɗaki. Ta sallami kowa, ta ce da ni, "Hoton nan yana ciki?"

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce yana ciki.

"Miƙo."

Ta ce shekarar da ya dawo daga Indiya ya nuna mata, ta jefar da shi ta fita da gudu, ta yi kwana biyu ba ta kai masa abinci da hannunta ba. Bai sake tayar da zancen ba. Yanzu ta sa tabarau, ta matsa kusa da taga, ta daɗe tana dubawa. Ni ma a ranar na fara dubansa, ta saman kafaɗarta. Fuskokin kuwa yadda ya faɗa suke, a natse. Kuma a gefensu akwai wata mace ta uku da ban san da ita ba, ta juya baya rabi, ta rufe fuskarta da tafin hannu. Su ma a labulen sun saƙa ta, idona ne bai kai ba.

Inna ta ɗora yatsa a kanta ta ce, "Ga ni nan." Sai hawaye.

A nan na durƙusa na gaya mata komai, tun daga shagon fotokwafi. Na ɗauka za ta zage ni ko ta ce ta yafe. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta sa hoton a ƙarƙashin filo ta ce, "Ni ban taɓa daina bin sa salla ba. Waɗanda suka daina, su za ka je ka gaya wa."

Na koma Guangzhou da kaka, lokacin baje kolin da ke tara 'yan kasuwa, masauki ya cika har da sababbin fuska. Bayan la'asar, kafin a watse, na miƙe na ce ina da magana. Na faɗe ta kamar yadda na rubuta a nan, ban rage komai ba, har da daɗin da na ji.

Ba wanda ya yi dariya. Mutumin Damagaram ya sa hannu a aljihu ya bar shi a can. Alhajin Maraɗi ya daɗe yana kallon dardumar da ke gabansa, sannan ya ce, a hankali, "Wata bakwai yana bayana, wajen takalma."

Taubashi ne ya ɗago, idonsa jajir. Bai kira ni da sunan wasan da ya saba ba. Ya ce, "Me ya hana ka faɗa yana da kunnen ji?"

Na koma na zauna.

Muna zaune a haka har magariba ta yi. Aka tada iƙama, muka miƙe muka daidaita sahu, kafaɗa da kafaɗa. Alhajin Maraɗi bai wuce gaba ba, ya je ya tsaya a ƙarshe, kusa da takalma. Mutane suka buɗe hanya a tsakiya kamar yadda aka saba a da, aka tsaya ana jira, dardumar liman ba kowa a kanta.

Allah ka haskaka kabarin Kawu a wannan ƙasa mai nisa, ka sa shi a sahun gaba. Ka ba Inna haƙuri. Wanda duk ya taɓa kiran sa da sunan nan, ya sani ni ya kamata ya kira.